Raka'a Biyun Baba Ilu a Ƙurɗuba

Duk Juma'a idan muka sauko daga masallaci muka zauna a shagon shayin nan na Al Asmakh a nan Doha, sai an sami wani a cikinku ya buɗe hotunan da na sa a waya ya ce, "Kai, Malam Sani, kai kam ka more! Ana biyanka kana yawon duniya." Makon jiya Nura ne, wai in yi masa hanya a ofishinmu, ya gaji da tsayuwar gadi a West Bay, shi ma yana son aikin hutu. Aikin hutu! Kallon kitse kuke wa rogo, yara. Wancan hoton da kuka ga ina murmushi a kan gada, ku tambaye ni abin da ke cikina lokacin da aka ɗauke shi. To yau sai kun saurara, tunda ba ku kuka sayi shayin ba.

Ni ɗan rakiya ne. Ofishinmu na tafiye-tafiye yana Al Sadd, shi ke haɗa mutane, ni kuma in kwashe su daga Doha in kai su Sifaniya, su ga tsofaffin garuruwan da Musulmi da Yahudawa da Kirista suka zauna a cikinsu, in dawo da su cif yadda na tafi da su. Idan an shiga cikin ginin tarihi ba ni ke bayani ba. Dokar ƙasar ta ce sai ɗan gari mai lasisi, ni dai in fassara. Sauran kuwa duk a wuyana yake: jaka, abinci, ciwon ciki, fasfo, yaron da ya ɓata, da maigidan da ya yi fushi da matarsa ya ce shi ba zai sauko daga mota ba.

Da tuƙi na fara a ofishin, ina kai mutane filin jirgi. Wani tsoho ɗan Maroko da muke kira Ammi Idris, shi ne babban ɗan rakiyarmu a lokacin, ya ji ina yi wa wani fasinja Larabcin da na koya a zaure a Zariya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi ina magana kamar littafi. Shi ya je wurin kafil ɗina, wato ubangidan da takardun zamana ke hannunsa, ya tsaya masa a kai har aka canza mini aiki. Na ɗauka washegari za a miƙa mini laimar jan ayari in shige gaba. Ina! Sai ya ajiye ni a bayan ayari, na yi shekaru a can. Ya ce na gaba hanya kawai yake gani, na baya shi ke ganin mutane. A baya ne na koyi gane wanda takalminsa ya fara cinsa tun bai faɗa ba, da matar da ke neman banɗaki tana jin kunyar tambaya.

Tafiyata ta farko Toledo muka je, gari ne a kan dutse, kogi ya zagaye shi. Lungunansa sun fi na cikin birnin Zariya matsi, ga hawa, ga duwatsun daɓe masu santsi. Muna da wata Hajiya 'yar nan Doha a keken guragu. Babbar mota ba ta shiga garin, a ƙasa take sauke mutane. Ni na tura keken nan har saman, tana ta ce mini yalla yalla, wato maza-maza, kamar ni ne injin. Muna tsakiyar wani lungu sai ƙafar gaba ta shige tsakanin duwatsu ta karye, ƙas! Kuma daidai lokacin da mutanen garin ke rufe shaguna su tafi cin abincin rana, ko mai faci babu. Sai Ammi Idris ya matso. Ya buɗe jakarsa ya ciro waya da ƙaramar filaya, ya tsuguna da farin gashinsa ya ɗaure ƙafar. Tun ranar ban ƙara fita ba tare da filaya a cikin kayana ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma duk wanda ka manta shi za ka nema. Na farko takalmi. Kada ka kuskura ka tafi da sabo. Sai jar laima da nake ɗagawa a cikin cunkoso, da 'yan rediyon da ake saƙala wa kowa a kunne don ya ji bayani ko yana nesa. Dabino kuwa ba na rabuwa da shi, saboda masu ciwon suga da kuma masu fushin yunwa, waɗanda sun fi yawa. Katin otal ina cusa wa kowa a aljihu da hannuna, har manya, don babba ya fi yaro iya ɓata, shi ba zai yi kuka a ji shi ba. Harshen Sifaniyanci kuma abin da na fara koya ba gaisuwa ba ce, tambaya ce: akwai alade a ciki? Kuma ba ka tsaya ga nama ba, sai ka tambayi kitsen da aka yi biskit da shi. Na taɓa fizge wani ɗan kek daga hannun wani Alhaji yana gab da kai shi baki, ya yini bai yi mini magana ba.

Masu tafiya kuwa iri-iri. Toledo ta yi suna da ƙirar takubba, kowane shago an rataye su. Wani maigida ya sayi guda, tsawonta ya kusa ƙirjina, ya rantse shi da ita zai shiga jirgi a hannu don kada a karce masa kube. Na yi lallashi, na yi barazana, sai da na ce masa to ya shirya kwana a hannun 'yan sanda ni in wuce da iyalinsa, sannan ya yarda aka naɗe ta aka sa a kaya.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne baki. A garuruwan nan za ka shiga gini, a ce maka Yahudawa suka gina shi don ibadarsu, adonsa irin na Musulmi ne, daga baya kuma ya koma coci. Ka fita ka shiga wani, a ce masallaci ne ya koma coci. Sai wani ya juyo ya ce, "To yanzu na wane ne?" Wani ya fara huci yana cewa an ƙwace mana, wata ta fara hawaye. Ammi Idris ya koya mini cewa in faɗi abin da ya faru bi da bi, wannan ya zo, wannan ya biyo, in ja bakina in yi shiru. Ya ce, "Ba a ɗauke ka wa'azi ba, ba a kuma ɗauke ka zaman makoki ba. Ka kai su su gani, kowa ya koma da abin da idonsa ya ba shi."

Sai ga shekarar korona. Kun san ta, ba sai na tsawaita ba. Jirage suka tsaya, ofis ya rufe, laimata ta yi ƙura a bayan ƙofa. Na koma kai wa mutane abinci gida-gida a Al Sadd, ina hawa benaye da takunkumi, ni da na saba a ce mini ustaz. Ammi Idris ya tattara ya koma ƙasarsu, ya ce ƙafarsa ta gama aiki, bai kuma dawo ba. Da aka buɗe hanya sai na wayi gari ni ne babba, ba wanda zan waiwaya in kalla idan abu ya cakuɗe.

A nan ne na kawo shawarar a haɗa ayarin mutanenmu, 'yan Najeriya mazauna Doha. Aka yi ta fama da biza, wasu aka ba su, wasu aka hana, a ƙarshe dai muka tashi da ma'aikatan jinya, da masu gyaran na'urori, da direbobi biyu-uku. Shi ne karo na farko da na yi rakiya da Hausa. A cikinsu akwai Baba Ilu, mutumin Gusau, wanda ya tsufa yana gadin wani dogon bene a West Bay. Ya ajiye aiki zai koma gida gaba ɗaya, shi ne ɗansa Kabiru, direba ne, ya ce sai ya kai shi ya ga wani wuri kafin ya tafi. Da aka tambayi tsohon ina yake so, bai ce Dubai ba, bai ce Landan ba. Ya ce Ƙurɗuba.

Ƙurɗuba ita ce mutanen Sifaniya ke kira Kordoba, kuma abin da ke kai kowa garin shi ne babban masallacinta na dā. Ɗaruruwan shekaru ke nan yana hannun coci, an ma gina majami'a a tsakiyarsa. Kowa na shiga ya gani idan ya sayi tikiti, amma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Akwai masu gadi suna zagayawa. Idan suka ga mutum ya tayar da kabbara za su zo su tsayar da shi, in ya ƙi su fitar da shi. Ina faɗa wa kowane ayari wannan tun a mota, da rana tsaka, a fili. Na faɗa wa waɗannan ma. Ashe Baba Ilu kunnensa ya yi nauyi, kuma ya cire rediyon ya sa a aljihu, wai yana yi masa ƙaiƙayi.

Da safe na sauko harabar otal sai ƙamshin turare ya tare ni. Ga Baba Ilu zaune cikin farar babbar riga mai guga, da hular da na san ba ta yawo ba ce, ga darduma a naɗe a hammatarsa. Na ja Kabiru gefe.

"Kai, ba ka gaya wa Baba ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam, ta ina zan fara? Tun da aka ba shi biza ba shi da zance sai raka'a biyun nan. Har mutanen gida ya gaya wa su turo addu'o'insu. Ni in dube shi in ce masa ba za a yi ba? Wallahi bakina ba zai iya ba."

Na dubi sauran mutane, kowa ya kau da kai, wannan na gyara jaka, wannan na latsa waya. Duk sun sani, duk sun ga rigar, kowa ya bar wa ɗan rakiya. Halinmu ke nan, ba mai son ya zama shi ya ɓata wa dattijo rai. Haushi ya kama ni, amma ba wanda zan sauke wa. Abin da ke gabana a bayyane yake: in dai tsohon nan ya ɗaga hannu a cikin ginin can, wani yaro sa'an jikansa zai kama masa hannun riga ya ja shi waje a gaban ɗansa da gaban wayoyin Turawa. Ni kuma ba zan iya riƙe hannun dattijo in hana shi salla ba.

Ban gaya masa a otal ba, don a gaban mutane ne. Na bari sai da muka hau tsohuwar gadar da ke kan kogin, inda ake hango ginin gaba ɗaya. Na ba Kabiru laima na ce su yi gaba su yi hotuna. Na rage tafiya daidai da ta Baba.

"Baba, akwai magana."

"Ina jinka, Malam."

Na matsa kusa da kunnensa mai kyau na gaya masa komai, ban rage ba, ban shafa masa mai ba. Ya tsaya ya dafa bangon gadar.

"A takardarku masallaci aka rubuta."

"Haka sunansa yake, Baba. Amma coci ne ke riƙe da shi."

"Raka'a biyu fa. Ba jam'i zan ja ba, ba kiran salla zan yi ba."

"Ko ɗaya ba sa bari."

Ya daɗe yana kallon ginin. Sannan ya ce, "Sunan garin nan a zauren mahaifina na fara jinsa, ina ɗan mitsitsi ina kai wa malamai ruwa. Idan suka ce malaman Ƙurɗuba sun ce, to magana ta ƙare. Mahaifina ya ɗauka ma garin ya nutse, babu shi. Ni kuma Allah ya kawo ni har bakin ƙofa, sai a ce in shiga in yi kallo in fito kamar na je gidan zu?"

Na ce akwai wani ƙaramin masallaci a cikin gari inda Musulmin yanzu ke salla, zan kai shi da azahar. Ya ce ya ji, amma ba shi ya zo nema ba. Na ce to ya kawo dardumar in riƙe masa. Na zaci zai ƙi. Sai ya miƙo mini ita salin-alin ya ce, "Riƙe. Ƙasa ma ta isa." Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da a ce ya hana ni.

A bakin ƙofa mai yi mana bayani tana jiranmu, Madam Pilar, mun daɗe muna aiki tare. Kallo ɗaya ta yi wa farar rigar ta dube ni. Ta ce a hankali, "Sani, na san wannan shigar. Ka yi masa magana?" Na ce na yi. Ta ce, "Ya yarda?" Na ce bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ta ja numfashi ta ce to za ta juya tsarin, ta bar wajen mihirabi ya zama na ƙarshe, don in rigima ta tashi a ce sauran sun riga sun ga abin da suka zo gani.

Muka ratsa farfajiya mai itatuwan lemo. Muna isa ƙofar shiga Baba Ilu ya sunkuya ya zare takalmansa. Kafin in buɗe baki rabin ayarin sun zare nasu, har da Kiristocinmu, don duk wanda ya tashi a Arewa ya san ba a taka masallaci da takalmi. Suka jera su reras a bakin ƙofa, Turawa na tsallakewa suna kallonmu. Madam Pilar ta riƙe baki. Na bi ina cewa, "Jama'a, ku mayar, nan ba a cirewa, wallahi in kun fito ba za ku same su ba!" Kowa ya mayar yana dariya ban da Baba. Shi ya ɗauki nasa ya riƙe a hannu, ya shiga da safa. Mai gadin ƙofa ya dubi ƙafafun, ya dube ni, ya bar mu muka wuce.

Na sha shiga wurin nan, amma har yau idan na shiga sai na rage murya. Duhu-duhu ne da sanyi, ginshiƙai ko ta ina har iya ganinka, a samansu baka a kan baka, ja da fari. Mutanenmu masu surutu suka yi tsit. Madam Pilar na bayani ina fassarawa, wannan sarki ya gina nan, ɗansa ya ƙara can, amma rabin hankalina na kan farar riga. Wani mai gadi saurayi, dogo, da rediyo a kafaɗa, shi ma ya gan ta. Duk inda muka juya yana bayanmu, bai matso ba, bai kuma yi nisa ba.

Da muka iso tsakiya inda majami'ar take, haske ya buɗe, ga kujeru a jere wasu na zaune suna addu'a. A cikinmu akwai Sista Hannatu, Kirista ce, ma'aikaciyar jinya 'yar Pankshin, ita ke auna wa Baba jini kowace safiya tun da muka taso. Tun a Doha ta gaya mini tana son ta sami ko minti kaɗan ta zauna a nan. Sai na ga ta coge a bakin wurin, ta rungume jakarta, ta ƙi shiga. Baba Ilu ma ya gani.

"Ke 'yar nan, me ya tsayar da ke?"

"Ba komai, Baba."

"Don ni ne?"

Ta ƙara rungume jakarta.

Ya ɗaure fuska. "In kin fasa naki, ni za a ba nawa? Wuce ki yi abin da ya kawo ki, kada ki ɓata mini rai."

Ta shiga ta zauna a kujerar baya tana share ido. Shi kuma ya juya ya ba wurin baya, ya tsaya yana jiranta har ta gama.

Daga nan sai mihirabi. An kewaye shi da shingen ƙarfe, daga nesa kaɗan ake tsayawa. Duk kewayensa ado ne na ruwan zinare da shuɗi, yana ƙyalli ko a cikin duhun. Jama'a suka ɗaga wayoyi. Baba Ilu ya miƙa wa Kabiru takalmansa. Ya matsa har jikin shingen. Ya gyara wuyan rigarsa, ya daidaita ƙafafunsa, ya saki hannuwansa a gefe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahu ya san wannan tsayuwar. Mai gadin ma ya san ta, don na ji takunsa yana matsowa. Kabiru ya dube ni.

Na je na tsaya kusa da kunnen Baba. Na ce, "Baba, ni ba zan taɓa ka ba. Amma yaron can zai taɓa ka, kuma ba ni da ikon hana shi."

Bai dube ni ba. Idonsa na sama. Can ya ce, "Wancan zanen da ya zagaye, rubutu ne?"

"Rubutu ne, Baba. Ayoyi ne."

"Idona ba ya kaiwa. Karanta mini."

Rubutun irin na dā ne mai kusurwa-kusurwa, ba wasali, ba ɗigo, yana ba ni wuya. Na yi bisimilla, na kama kalma ta farko, ta biyu, ina tuntuɓe. Ban kai ƙarshen layin ba ya karɓe daga bakina. Ya ci gaba da ka, a hankali, da irin karatun tsofaffinmu na zaure. Mai gadin ya iso har ya ɗaga hannu. Madam Pilar ta tare shi da sauri da harshensu, ta nuna bango ta ce abin da ke rubuce tsohon yake karantawa, ita ta kawo su su gani. Yaron ya sauke hannu, amma bai tafi ba, ya tsaya dab da kafaɗar Baba yana kallon bayansa.

Karatun ya wuce abin da ke bangon, na sani, don na ga inda rubutun ya ƙare shi bai tsaya ba. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Ni kuwa na san abin da ke zuwa. Mutumin da ya tsaya haka ya yi karatu haka, idan ya kai ƙarshe jikinsa ba ya shawara da shi, ruku'u yake tafiya. Ya kai aya ta ƙarshe. Na ga kafaɗunsa sun saki, kansa ya fara yin ƙasa, tafukansa sun nufi gwiwa. Mai gadin ya ɗaga ƙafa.

Sai Baba ya tsaya a nan. Wallahi na ga rigar na karkarwa a bayansa. Ya miƙe a hankali, ya juyo ya dubi saurayin nan ido cikin ido, ya ce masa da Hausa, "Sannu da aiki, yaro. Na san tsayuwar nan, ba daɗi." Yaron bai ji ko kalma ba, amma ya ja da baya ya ba shi hanya. Baba ya wuce ta gabansa ya nufi ƙofa, Kabiru na binsa da takalma.

A farfajiya na same shi zaune a bakin wani kwarmin ruwa a ƙarƙashin itacen lemo, Kabiru ya tsuguna yana sa masa takalmi. Tausayinsa ya cika ni, ga kuma wani sanyi a raina cewa ba a taɓa shi ba, har na ji kunyar sanyin. Na ce, "Baba, sannu. Allah ya ba da ladan niyya."

Ya ce amin. Ya kai hannu ya dafa ƙugunsa. Ya ce, "Malam Sani, tun da aka koya mini salla ban taɓa tsayawa na yi karatu na fasa ruku'u ba sai yau. Abin yana nan a bayana, ya ƙi sauka. Tashi ka kai ni inda zan sa goshina a ƙasa."

Azahar ba ta yi ba tukuna, ga abincin rana an riga an shirya mana a wani wuri, ga jirgin ƙasa na jiranmu bayan nan. Na danƙa wa Madam Pilar sauran ayarin, na tare tasi, muka tafi mu uku. Masallacin ɗan ƙarami ne, bai fi shagon nan da muke zaune ba, muka yi sa'a wani bawan Allah yana shara ya buɗe mana. Baba Ilu ya shiga ya tayar. Da ya kai sujada sai ya zauna a cikinta. Wayata ta yi ta ruri a aljihu, direba na nema, masu abinci na nema. Kabiru ya raɗa mini ko ya je ya taɓa shi. Na ce kul, ka bar shi. Na kashe wayar, na zauna a dokin ƙofa kusa da takalmansa, har sai da ya ɗago don kansa.